Bargon kwarashi mai ratsin luru: ina neman shawararku

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata saƙar kwarashi, yawanci kayan jarirai da zaren ulu. Yanzu wata hajiya ta ba ni aikin da ban saba ba: bargo babba na auduga zalla, fari da ratsin shuɗi, irin lurun da iyayenmu suke rufa da shi, har da tawul masu ratsi iri ɗaya don kayan ɗakin 'yarta. Na fara, amma abubuwa sun tsaya mini. Gefen bargon yana tafiya a karkace, kuma tun bai kai rabi ba ya yi nauyi sosai. Ga wutsiyoyin zare birjik a duk inda na canza launi. Sannan hajiyar ta ce idan na gama in sa hoton a shafina in rubuta "luru na zamani", wai zai kawo ciniki. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Masu ilimin abin ku taimaka.

Hajiya_Turai: Wa alaikumus salam. Wace irin saƙa kike yi, kuma lambar kwarashinki nawa? Sai mun san wannan tukuna.

Maman_Ilham: Dabul nake yi Hajiya, da kwarashi mai lamba 5. Zaren mai kauri ne.

Hajiya_Turai: To ga matsalar nan. Auduga ba ulu ba ce, ba ta da iska a cikinta, nauyinta take zuwa da shi. Idan kika haɗa zare mai kauri da dabul, bargon zai yi nauyi kuma zai riƙa zazzagowa, don auduga in ta miƙe ba ta komawa. Ki nemi zare siriri ki koma kwarashi 3.5 ko 4. Ki bar dabul ki yi wannan: singul ɗaya, sarƙa ɗaya, ki tsallake ɗaya, singul ɗaya, haka har ƙarshen layi. Idan kin juyo, ki yi sarƙa biyu, sai ki riƙa sa singul ɗin a cikin ramin sarƙar layin ƙasa. Abin da zai fito yana kwanciya lafiyayye, kuma daga ɗan nesa sai a ɗauka daga masaƙa ya fito, saboda zaren yana hawa yana sauka kamar na saƙar gargajiya. Maganar gefe kuwa lissafi ne kawai. Ki ƙirga layinki lokaci-lokaci, ki ɗaura ɗan zare mai wani launi a singul na farko da na ƙarshe don kada ki tsallake su.

Zee_Zazzau: Abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ƙari a kai: wajen canza launi, kada ki bari sai kin gama layi sannan ki ɗaura sabon zare. A singul na ƙarshe, jan ƙarshe ɗin ki yi shi da sabon launin. Ratsin zai fita tas ba tare da ƙulli ba.

Ɗan_Masaƙa: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ba na kwarashi, amma gidanmu gidan saƙa ne a ƙasar Kano, na tashi ina yi wa mahaifina wadari, wato jera zaren tsaye kafin a fara saƙa. Maganar suna nake so in taɓa. Hajiya Maman Ilham, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Luru ba ratsi ba ne kawai. Ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, wato ƙyalle siriri mai tsawo ɗaya bayan ɗaya, a masaƙar zaune, zaren tsaye a miƙe can gaba an ɗaure shi a katakon da ake kira kunkuru da dutse a kai, masaƙi yana taka ƙafa yana jefa ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance yana bugawa da matsefi. In an gama sai a yanka ƙoren a jera su a ɗinke gefe da gefe. Gwanintar tana wajen sa ratsin wannan ƙwarya ya haɗu da na waccan, alhali ba tare aka saƙa su ba, da ido da tafin hannu aka auna. Wanda ya sayi naki da sunan luru, ranar da ya ga na ainihi zai ce ɗaya daga cikinku ya yaudare shi. Kama da wane ba ta wane.

Ummu_Sudais: Malam Ɗan Masaƙa ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Yau yara nawa ne suka san luru? Ka tambayi 'yan mata goma a unguwarku ka ji. In dai wannan baiwar Allah za ta sa sunan ya dawo bakin mutane, ai taimakonku ta yi. Kuma ta ce "na zamani", ba ta ce na masaƙa ba ne.

Ɗan_Masaƙa: Hajiya Ummu Sudais, sunan zai dawo, amma a kan wani abu daban. Haka aka yi da atamfa mai zanen saƙi da ake bugowa a inji daga waje: mutane suna saye suna cewa sun sa kayan gargajiya, masu saƙin ainihi kuma suna zaune ba ciniki. Ba na cewa aikin kwarashi ƙarya ne, aikin hannu ne mai wahala, ina girmama shi. Ta rubuta abin da yake: bargon kwarashi mai ratsin luru. Ta ci gaskiyarta, mu ma ba a shafe mu ba.

Anti_Balaraba: Ni dai na goyi bayan yaron nan. A ciniki, bayyana abu yadda yake shi ne albarkarsa.

Fa'iza_Kwarashi: Ku bar ni in koma kan wutsiyoyin zare, don shi ne ciwon kan duk mai saƙa ratsi. Akwai hanya biyu. Ta farko, idan ratsinki siriri ne, layi biyu-biyu ko huɗu-huɗu, kada ki yanke zaren ko kaɗan. Ki bar shi a gefe, in kin dawo ki ɗauko shi, daga baya ki rufe gefen da layin singul. Ta biyu ita na fi so: ki saƙa bargon ta tsawonsa, ba ta faɗinsa ba. Kowane layi ki fara da sabon zare ki bar kamar tsawon tafin hannu a farko, ki yanke ki bar irinsa a ƙarshe. In kin gama sai ki ɗaure su uku-uku ko huɗu-huɗu, sun zama geza. Babu abin da za ki soke da allura, kuma ratsin zai bi tsawon bargon.

Ɗan_Masaƙa: Anti Fa'iza, wannan dabara ta yi kyau, amma ratsin da yake bin tsawo irin na zane ne, wanda ake shirya launinsa tun a wadari. Na luru a kwance yake, yana ratsa faɗin ƙwarya, don da abawa, wato zaren kwance mai kauri, ake yin sa. Idan kamannin luru ake nema, a kula da wannan.

Fa'iza_Kwarashi: Na gode Malam, to in haka ne hanyar farko ce ta dace da ita. Ko kuma ta bi hanyarku gaba ɗaya: ta saƙa ƙwarya-ƙwarya mai faɗin kamar taƙi ɗaya, sannan ta haɗa. Da zafin nan ma ya fi sauƙi, babu mai son bargon auduga a kan cinyarsa a watan Afrilu.

Maman_Ilham: Wallahi wannan shawarar ta shige ni. Ƙwarya ɗaya zan iya sa ta a jaka in tafi da ita gidan biki ko asibiti. Amma wajen haɗawar, da kwarashi zan haɗa ko da allura?

Hajiya_Turai: Da allura mai babban hanci, da zaren da kika yi saƙar. Haɗin kwarashi yana tayar da tudu a baya. Ki shimfiɗa ƙoren a ƙasa, ki kama ratsi da ratsi da fil kafin ki fara ɗinki, kuma ki tabbata adadin layukan kowace ƙwarya ɗaya ne. Ki rubuta lissafin ratsin a takarda tun a ƙwaryar farko, misali fari 20, shuɗi 4, fari 2, shuɗi 4, don hannu yana mantuwa.

Rabi_Maraɗi: Sannunku da aiki mutanen Nijeriya. Nan wajenmu abin da munka fi sani wajen kayan amarya shi ne tera-tera, bargon da masaƙan ƙasar Zabarmawa ke yi, wajen Dosso da Tilaberi. Shi ma ƙwarya-ƙwarya ne, amma adonshi ya fi na luru yawa, akwai baƙi da ja da fari, da zane-zane a ciki. Na ga wata ta gwada kwaikwayonshi da kwarashi, ratsin ya fito amma ƙananan zanen ba su fito da kaifi ba, sun yi kauri. Ina ganin wanga aiki ya fi karɓar ratsi zalla. Kuma maganar Malam Ɗan Masaƙa gaskiya ce, nan in kin kai ma uwar amarya na kwarashi kin ce tera-tera ne, ba ta amsa.

Sister_Hauwa_Kumasi: Mu ma a Gana haka ne. Kowa ya san bambancin kente na masaƙa da wanda aka buga a inji, kuɗinsu ma ba ɗaya ba. A arewa kuma akwai fugu, rigar saƙi, wanda muke ce wa batakari, na Daboya ya yi suna wajen rinin baba. Ratsin shuɗi da fari ɗinsa zai yi kyau ƙwarai a bargon kwarashi, in wata tana neman wani samfurin.

Binta_Gusau: Tambaya nake da ita a gefe. Yaya ake gane zaren auduga na gaskiya? Na taɓa saye a wani shago aka ce mini auduga ce zalla, na yi tawul da shi, ruwa sai ya riƙa zamewa a kai kamar leda.

Zee_Zazzau: Roba aka ba ki Anti Binta. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ma ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Ki yanki ɗan guntu ki kusantar da ashana, a waje, a kan faranti. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta na takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, da warin leda. Idan ya yi toka kuma ya bar ɗan ƙwallo, gauraye ne.

Hajiya_Turai: Ko a cikin audugar akwai mai sheƙi, wadda aka wanke da sinadari don ta yi santsi ta kama launi. Tana da kyau a bargo da kayan ado, amma a tawul marar sheƙin ta fi laushi a jiki. Kuma sabuwar auduga ba ta shan ruwa sosai sai an wanke ta wasu lokuta. Kada a sa mata ruwan laushin tufafi, yana toshe ta.

Ummu_Sudais: Ni fa maganar tawul ɗin ce ban gamsu ba tun farko. Tawul ɗin kwarashi na wanka ba ya bushewa da wuri. Da damina in kin shanya shi a ɗaki sai ya kwana da danshi ya fara wari. Maman Ilham ki gaya wa hajiyar gaskiya, a tsaya a ƙananan na goge hannu da na kicin.

Fa'iza_Kwarashi: Ya danganta da kauri. Irin tawul ɗin Turkiyya marar gashi, mai ratsi da geza, wanda suke shiga gidan wanka da shi, ai saboda sirantakarsa yake bushewa nan da nan. A masaƙa ake yin sa, kwarashi ba zai kai shi siranta ba, amma da zare siriri ana kusantarsa. Na goge hannu da fuska dai ina yi kuma masu saye suna dawowa. Babban na wanka ni ma ba na karɓar aikinsa.

Malam_Marini: Assalamu alaikum. Matata ce ta nuna mini wannan zance ta ce in sa baki, don rini ne sana'ata. Hajiya, idan shuɗin luru kike so na ainihi, ba za ki same shi a zaren kanti ba, nasu shuɗin yana da haske irin na bulan wanki. Ki sayi farin zaren auduga, ki warware shi daga dunƙule ki yi masa lanƙwasa manya, ki ɗaɗɗaure a wurare kaɗan sako-sako don kada ya harɗe, ki kawo marina. Za ki ga an tsoma shi ya fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonki. Yawan tsomawa shi ne duhun launi, don haka daga rami ɗaya za ki iya samun shuɗi mai haske da mai duhu. Abu ɗaya: ki rina duk abin da aikin zai ci a lokaci guda, don rinin yau da na wani mako ba sa zama daidai.

Maman_Ilham: Na gode Malam. Amma ba zai zuba a kan farin ba? Wata ta ce in jiƙa shi da gishiri.

Malam_Marini: Gishiri ba ya kama baba, Hajiya. Baba iska ce take zaunar da shi. Abin da yake zuba shi ne wanda ya tsaya a bayan zare bai shiga ba. Maganinsa a bar shi ya bushe sarai, sannan a yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari, tun kafin ki fara saƙa. Ki goga shi a farin ƙyalle ki gani. Ko da haka zai ɗan taɓa miki yatsu wajen aiki, wannan ɗabi'arsa ce. Buzaye ma da suke sayen turkuɗin Kura, wannan shunin da yake hawa fata shi suke so.

Abban_Sadiq: Ina karatu ina jin daɗi da takaici lokaci guda. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Daga baya aka kafa masaƙun zamani, ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, ga injinan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau da Malumfashi, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana fitar da irin auduga. Zuwa shekarun 2000 manyan masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Yau ga mata a Kano da Zariya suna neman zaren auduga na saƙa, sai wanda aka shigo da shi daga waje. Wannan ya fi damuna a kan maganar suna.

Binta_Gusau: Gaskiya ne Abban Sadiq. Mu da muka tashi muna ganin motocin auduga suna wucewa, ƙulle-ƙullenta na zuba a bakin titi.

Anti_Balaraba: To me zai hana a koma wa masu kaɗi? Har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyuka da suke kaɗi da mazari. Kakata da allinta a gefe take zama, tana shafawa a yatsa, mazarin yana juyawa a cikin 'yar tasa. In masu kwarashi za su riƙa sayen abawa a hannunsu, an taimaki kowa.

Hajiya_Turai: Anti Balaraba na gwada, kuma yana yiwuwa, amma akwai sharaɗi. Zaren kaɗi silli ɗaya ne kuma murɗinsa da ƙarfi, in kin saƙa shi haka aikin zai riƙa karkata gefe guda. Sai an haɗa silli biyu an murɗe su ta ɗaya ɓangaren kafin ya zauna. Kuma kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri siriri wani wuri da ɗan ƙulli, har da ɓawon gurya a jiki. Ni wannan ne ma yake burge ni, bargon yana fitowa da rai, farinsa kuma ba fari fat ba, ya ɗan yi ruwan madara kamar na gwado. Sai dai yana shiga in an wanke, don haka a wanke zaren tukuna ko a ƙara tsawo.

Nas_Hadiza: Abu ɗaya daga ɓangaren aikina, tunda Maman Ilham ta ce tana kayan jarirai. Idan wata ta ce a yi mata ƙaramin irinsa na jariri, kada a sa geza, kuma a guji saƙa mai manyan ramuka. Zare yana iya naɗe yatsar jariri ba a lura ba.

Ummu_Sudais: Na dawo kan maganata da Malam Ɗan Masaƙa. Na ji hujjarka, amma ga tambaya: ina masu lurun suke yanzu? In amarya tana so yau, ina za ta je? Ku masaƙa ba kwa sa kayanku a waya, ba a san inda kuke ba. Mata masu kwarashi su suke da shafuka da masu bibiya. Kada a hana su amfani da sunan kuma a bar shi ya mutu a ɗaki.

Ɗan_Masaƙa: Wannan kam kin taɓo inda yake mana ciwo Hajiya. Ana samu a Kasuwar Kurmi, kuma in an ba da aiki a ƙauye ana yi, amma gaskiya ne masu yin sun tsufa, samari sun tafi acaɓa da birni saboda saƙar ba ta riƙe gida. Ban hana kowa ambaton luru ba. Abin da nake roƙo, in Maman Ilham ta sa hoton nata, ta ajiye na masaƙa a gefensa ta ce ga inda na ɗauko. Wanda yake son mai laushi na kwarashi ya saya a wajenta, wanda yake son na ainihi ya san har yanzu akwai shi.

Zee_Zazzau: Ni ina ganin ma masu saye ba ɗaya ba ne. Mai sayen luru tarihi yake saye, mai sayen na kwarashi kayan ɗaki take nema da zai dace da labulenta.

Rabi_Maraɗi: Ba kullum ba Zee. Kuɗin kayan ɗaki ɗaya ne, in sunka tafi nan ba su zuwa can.

Maman_Ilham: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na kwance abin da na fara, zan koma ƙwarya-ƙwarya da saƙar da Hajiya Turai ta koya mini, tawul kuma ƙanana kawai zan karɓa. Maganar suna na kira hajiyar, ta ce ita dai "luru na zamani" ya fi mata daɗin ji, ni kuma na fi karkata ga abin da Malam Ɗan Masaƙa ya faɗa, ba mu gama ba tukuna. Yanzu abin da ban sani ba shi ne kuɗin aiki. Wannan saƙar tana cin lokaci fiye da dabul nesa ba kusa ba, ga rini ga haɗi, kuma mun riga mun yi ciniki a kan tsohon tsari. Waɗanda suka taɓa irin wannan, kuna komawa ku nemi ƙari ne, ko kuna haƙura da na farko?

Fa'iza_Kwarashi: Ki saƙa ƙwarya ɗaya tukuna, ki wanke ta ki shanya, ki kai mata tare da guntun na dabul ɗin in kin rage. Ta taɓa duka biyun da hannunta, sannan ki yi maganar kuɗi.